Firijin Ɗakin Allura

Shafi na 23

"Anti Doguwa, me ya sa ke ba ki yi wa jaririnku allura a nan ba? Ko ta asibitinku ta fi zafi ne?"

Aku ce ta yi tambayar, tana zaune a kan bencin ɗakin allura tana lilo da ƙafafu. Shekarunta biyar, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba, don abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya fice ta baki. Makaranta na hutu, kakarta kuma ta ce ta yarda a bar mata jariri a gida, amma wannan rediyon a tafi da ita wajen aiki, kunnenta ya huta.

Uwarta, Sista Ƙarama, ungozomar ɗan ƙaramin asibitin unguwar, aron auduga kawai ya shigo da ita ɗakin. Ta yi dariya tana jan kunnen yarinyar.

"Ke dai bakinki ba ya gajiya. Wa ya ce miki ba a nan aka yi masa ba?"

"Mami ce ta gaya min, ƴar Anti Doguwa. Ta ce mota biyu suka hau, suka je babban asibiti mai bene, aka yi wa ƙaninta allura, aka saya mata alawa. Kuma mamanta ta ce kada ta faɗa wa kowa." Ta ɗaga ɗan yatsa. "Musamman ma ke, Mama."

Sista Ƙarama ta daina dariya.

Ta juya ta dubi Doguwa, mai yi wa yara allurar rigakafi, aminiyarta tun suna makarantar koyon jinya. Gado ɗaya suka kwana shekara biyu. Cikin nan ma tare suka yi shi, sati biyu ne tsakanin haihuwarsu, duka maza. Jira take ta ji Doguwa ta ce, "Kai, yaran nan da ƙarya!" su yi dariya a wuce wurin.

Doguwa ta kawar da kai. Sirinjin da take ɓarewa ne ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa.

"Aku, je ki wajen Baba Maigadi ki taya shi hira," in ji Sista Ƙarama.

"Mama ai ban gama..."

"Na ce ki fita!"

Yarinyar ta sauka tana turo baki. Sista Ƙarama ta mayar da ƙofa ta jingina da ita. Ta taga ana jiyo hayaniyar mata a baranda, ranar allura ce, tun sassafe suka cika bencina da jarirai da katuna a hannu.

"Ƙawata, gaskiya yarinyar nan ta faɗa?"

"Ke ma dai, maganar yara..."

"Ban tambaye ki ko maganar wa ce ba. Kin kai ɗanki babban asibiti an yi masa allurar ƙyanda, i ko a'a?"

"Na kai shi."

"Yaushe?"

"Wancan watan. Ranar hutuna."

"Wancan watan," Sista Ƙarama ta maimaita a hankali. "Satin da na kawo miki ɗana Babana kika yi masa a kan wannan kujerar?"

Doguwa ta sunkuyar da kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai allura ta bar allurar da ke hannunta, ta hau mota biyu da goyo ta je neman ta wani wuri? Sista Ƙarama ta taka zuwa tebur, ta buɗe akwatin sanyin da ake zuba magungunan ranar, ta zaro kwalba ɗaya. Kowace kwalba da ƴar alama a murfinta, murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, magani na nan da ransa. In ya yi duhu ya saje da ita, zafi ya kashe shi, ruwa ne kawai.

Ta kai kwalbar jikin taga. Sai da ta ƙura ido kafin ta iya raba murabba'in da da'irar.

Ta zaro ta biyu. Ta uku. Duk kanwar ja ce.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Doguwa, mene ne wannan?"

"Don Allah ki rage murya."

"Mene ne wannan na ce!"

"Firijin ne." Doguwa ta nuna ƙofar sito. "Batiran hasken ranar ne suka mutu. Kwana goma sha ɗaya ya yi ba ya sanyi kafin mai gyaran unguwa ya zo ya yi masa dabara."

"Kwana goma sha ɗaya! Ina cikin asibitin nan ban sani ba?"

"Makullin sito a hannuna yake. Ni da Oga kawai muka sani."

"Shi ne kika ɗauko mushen magani kika zuƙa a sirinji, kika tsira wa ɗana, yana ihu ina riƙe masa hannu ina ce masa yi haƙuri, Antinka ce, ba za ta cuce ka ba?"

"Wallahi ba ya cutarwa, ƙawata. Ba guba ba ne. Kawai dai..."

"Kawai dai ba ya kare shi. Faɗi mana, bakinki ne. Kin ba ni kati an buga an yi, na koma gida na kwanta da munshari."

"Ke kika kawo shi da kanki! Gaban Oga, gaban mata cike da baranda, kina dariya kina cewa a fara da ɗan gida. In na ce miki a'a, me zan ce dalili? Na ce a raina in sabon magani ya zo zan san dabarar da zan yi in ƙara masa."

"Ya zo?"

Doguwa ta durƙusa tana ɗaukar sirinjin da ya faɗi.

"Sati biyar kenan. Ya zo?"

"Sun ce sai ƙarshen wata mai zuwa."

Sista Ƙarama ta zauna a bakin benci. Wani abu ne ya faɗo mata a rai.

"Ranar Asabar, sati biyu da suka wuce," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da aka kawo yaron nan mai ƙyanda, wanda muka tura babban asibiti. Kakar yara ta je dubiya, na zo da Babana. Yana kan tabarma a ɗakin da aka kwantar da yaron. Na ce miki bari in fitar da shi. Me kika ce min?"

Hawaye suka zubo wa Doguwa.

"Me kika ce min, aminiya?"

"Na ce... ai an yi masa."

"Kika ce ai an yi masa, in daina firgita kamar sabuwar uwa. Naki yana gida, ya sha mai kyau. Nawa yana rarrafe a gaban ƙyanda, kina kallo."

"Na rasa yadda zan yi ne! Wallahi tun ranar ban ƙara barcin kirki ba."

"Allah sarki. Sannu da rashin barci."

Aka turo ƙofa. Oga ne, shugaban asibitin, dattijo mai furfura wanda saura wata bakwai ya yi ritaya. Tabarau a goshi, biro a kunne kamar kullum.

"Wai lafiya? Mata sun fara cewa rana na yi. Doguwa, me kike ji..."

Idonsa ya sauka a kan kwalaben da ke hannun Sista Ƙarama. Ya shigo ya rufe ƙofa a hankali, kamar mai shiga ɗakin majinyaci.

"To. An zo wurin."

"An zo, Yallaɓai. Yara nawa?"

"Sista, zauna mu yi magana ta hankali."

"A zaune nake. Yara nawa aka yi wa da wannan ruwan?"

Doguwa ce ta amsa, da kyar. "Sittin da uku."

"Har da nawa?"

"Har da shi."

Oga ya ja kujera ya zauna, ya ciro tabarau yana gogewa da gefen riga.

"Ƴata, kin ɗauka ni mugu ne ko? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun bara batiran nan suke haki. Takarda huɗu na rubuta wa ofis, kwafinsu na cikin durowata. Ta farko suka ce ana dubawa. Ta biyu suka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta uku na kai da ƙafata, na wuni a kan benci kamar mai neman aiki, wani yaro sa'an jikana ya fito ya ce in dawo wani satin. Ta huɗu ko amsa ba a yi ba."

"Sai ka rubuta ta biyar ka ce magani ya mutu."

"In rubuta? Kin manta Malamin Magani? Shi da ya rubuta cewa ana kawo mana ƙwayoyi saura sati biyu su lalace, ina yake yanzu? Can ƙarshen duniya aka jefa shi, inda sai an yi tafiyar awa uku a babur. Maganin ya canza? Bai canza ba. Shi aka canza."

"Wannan ba hujja ba ce, Yallaɓai."

"Ban ce hujja ce ba, labari nake ba ki. Su masu zuwa duba mu, kin taɓa ganin sun buɗe firiji? Takarda suke dubawa. In ta cika da lambobi, su ce madalla, su sha lemo su hau mota. In ba ta cika ba, ba mai tambaya ina batir. Tambayar ita ce wa ya bari magani ya lalace. Doguwa ƴar wucin gadi ce, shekara shida ba a tabbatar da ita ba. Da layi ɗaya za a sallame ta."

"Shi ne ka zaɓi ta zauna, yara sittin da uku su tafi gida tsirara."

"Na zaɓi asibitin ya zauna! In matan nan suka ji an yi musu allurar banza, kin san shekara nawa muka yi muna bin gida-gida muna lallashi kafin su yarda su kawo yaran? Rana ɗaya za su watse. Ba wannan allurar kaɗai ba, har awon ciki za su daina zuwa. Wa zai dawo mana da su? Ofis?"

Maganar ta daki Sista Ƙarama, don ta san akwai gaskiya a cikinta. Da ita aka yi yawon nan. Ta sha zagi a ƙofar gidaje, an sha sako musu kare. Akwai matar da sai da ta ɗaga hannun rigarta ta nuna mata tabon allurarta ta yarinta, ta rantse mata da Allah nata ɗan ma a nan ake yi masa, sannan ta yarda.

Wannan rantsuwar ce yanzu take ƙona ta.

"Da bakina na ce musu su yarda da mu," ta ce. "Ni na ce musu abin da zan sa wa ɗana shi zan sa wa nasu. Ashe ban yi ƙarya ba. Duk ruwa aka yi mana."

"Sista..."

"Kuma yau ma da shi za a yi? Waɗannan da ke waje?"

Oga ya mayar da tabarau a goshi.

"Yallaɓai, tambaya nake. Da ban shigo aron auduga ba, da yanzu an fara?"

"Saura kwalba tara ne," Oga ya ce ƙasa-ƙasa. "In suka ƙare shi kenan, maganar ta wuce."

"Ta wuce ina? Cikin jikin ƴaƴan mutane?"

Ta miƙe. Ta kwashe kwalaben duka ta zuba a aljihun farar rigarta, ta miƙa hannu ta ɗauki babban littafin da ake rubuta sunan kowane yaro da unguwarsu da lambar wayar uwarsa.

Doguwa ta riƙo gefen littafin. "Ƙawata, don girman Allah. Ki tuna zaman tare."

"Na tuna. Ke ce kika manta. Sake min."

"Me za ki yi da shi?"

"Abin da ya kamata ku yi tun sati biyar. Zan gaya wa na waje yau babu allura, in gaya musu dalili. Sittin da ukun nan kuma ɗaya bayan ɗaya zan kira su, kowa ta kai ɗanta babban asibiti a sake masa. Wadda ba ta da waya in je da ƙafata. Su zage ni, na yarda. Gara zagi da makoki."

Ta fizge littafin ta nufi ƙofa.

"Kafin ki fita," in ji Oga, "ɗan dubi wannan."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya zare takardar da ke rataye a ƙusa jikin ƙofar sito, wadda ake rubuta sanyin firiji safe da yamma. Ƙa'ida ita ce a jikin firijin take zama, mai rubutawa ya buɗe ya duba ma'auni da idonsa. Amma da yake makulli ɗaya ne, kuma Doguwa ke tafiya da shi gida, sai aka saba rataye ta a waje, in ta kama mai aikin ƙarshen mako ya cike da lambar da ta faɗa masa. Haka aka tarar, haka ake yi.

Ya juya zuwa shafin wancan watan, ya ɗora yatsa.

"Asabar da Lahadi, tsakiyar kwanakin nan goma sha ɗaya. Wa ke aiki?"

Sista Ƙarama ta duba. Biyar. Biyar. Huɗu. Biyar. A gefen kowace lamba, sa hannunta ne, da ƴar lanƙwasar nan da take yi a ƙarshe.

Sai ta tuna. Mata biyu ke naƙuda ranar, ita kaɗai, ba mai taimako. Waya ta yi ƙara, ta maƙale ta a kafaɗa hannunta cikin safa. Muryar Doguwa ce, da fara'arta: ƙawata, ki taimaka ki cike min takardar nan, na leƙo ɗazu na duba, biyar ne. Gobe ma ki sa haka.

Ta ɗago a hankali ta dubi Doguwa.

"Kin san ya mutu lokacin da kika kira ni."

Doguwa ta rufe fuska da tafin hannu.

"Me ya sa ni? Sauran kwanakin duk ke kika cike. Me ya sa waɗannan biyun sai ni?"

"Oga ne ya ce... ya ce kada hannu ɗaya ya yi yawa a takardar."

"A'a, faɗi daidai," Sista Ƙarama ta ce, wata dariya mai ɗaci ta kuɓuce mata. "Ya ce a sa hannun mai baki a ciki, don ranar da ta gano ta rasa bakin magana. Ko ba haka ba, Yallaɓai? Ni da nake kawo maka maganin hawan jini daga gida in na asibiti ya yanke?"

Oga ya kasa haɗa ido da ita.

"Ba barazana nake miki ba, ƴata. Amma in takardar nan ta je ofis, ni na kusa tafiya, Doguwa ba ta da lasisin da za a ƙwace. Ke ce mai lasisi. Ke ce kika sa hannu sau huɗu a kan firijin da ba ki buɗe ba. Ba za su tambayi batir ba. Ke za su tambaya. Ki yi tunanin ƴaƴanki."

"Su nake tunani."

Ta tsaya riƙe da mariƙin ƙofa. Shekara uku na karatu, da ɗinkin da uwarta ta yi ta yi har idonta ya raunana don ta gama, duk suna rataye a ƙusa ɗaya da takardar nan. Kuma laifin ba na Doguwa ba ne kaɗai. Ita ma ta rubuta abin da ba ta gani ba. Ba wanda ya riƙe mata hannu.

Ta buɗe ƙofar.

Baranda ta cika maƙil. Mata sun fi arba'in, wasu na shayarwa, wasu na fifita da kati. Suna ganinta suka ɗau murna.

"Yauwa, ga Sistarmu!"

"Sista, a taimaka a fara, na bar tukunya a wuta."

"Ni dai ke nake so ki riƙe min shi, hannunki na da sanyi."

Ta rungume littafin a ƙirji. Tana jin tsayuwar Oga a bayanta, tana jin shesshekar Doguwa daga cikin ɗaki.

"Iyayena, ƴan uwana, ku ɗan saurara. Akwai maganar da..."

Wayarta ta yi ƙara a aljihu, tana karo da kwalabe. Ta so ta share, sai ta ga sunan. Kakar yara ba ta taɓa kiranta a wajen aiki ba, ko sau ɗaya.

"Inna, lafiya?"

"Ke, kina ina? Yaron nan tun da kika fita jikinsa kamar garwashi. Ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa, sai tari. Idanun nan sun yi jawur suna ta ruwa."

"Inna..."

"Yanzu kuma na juya shi zan goge masa wuya, sai na ga wasu ƴan ƙuraje jajaye a bayan kunnensa. Na ce ai ba zai zama abin nan ba, tunda an yi masa allura. Ko ba an yi masa ba?"

Mata arba'in na kallon bakinta.

"Ke, kina jina? Na ce ba an yi masa ba?"

Uwa, ke da kike karanta wannan da goyo a baya, kada ki kuskura ki ce kin fasa kai ɗanki rigakafi. Ƙyanda ba ta san fushi ba, ɗan da ba a yi wa ba take nema. Ki kai shi a kan lokaci, amma ki je da idonki: ki ce a nuna miki kwalbar, ki dubi alamar da ke jikinta kafin allura ta taɓa shi, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mai yin ta. Ke kuma mai farar riga, kada ki sa hannu a kan abin da idonki bai gani ba, ko wa ya roƙe ki.